Karen da Ya Rage

Kwana tara ke nan Duna bai ci abin kirki ba. Zalihatu ta jiƙa masa tuwon gero da romon kai, ya sunsuna ya kau da hanci. Ta karɓo hanji wajen mahautan bakin tasha, ta dafa ya yi laushi, ta yayyanka ƙanana saboda haƙoransa sun ƙare, ya lasa sau biyu ya koma bayan rumbu ya kwanta a kan tsohon buhun da Kyalla take kwana. Ranar ta taran sai da ta ɗaga murfin tukunya za ta jefe shi don haushi. Ta tsaya da murfin a hannu tana zaginsa, ta ce masa ɗan banza mai taurin kai, ya mutu in mutuwa yake so. Ko kunne bai motsa ba.

Zalihatu mai kopto ce a tashar motar Dogon Dutsi. Shekara ashirin da wani abu tana kwaɗa zogale da ƙuli da albasa tana sayar wa direbobi da fasinja, kuma kowa a tashar ya san bakinta in an taɓa ta. Karnukan biyu na mijinta ne, marigayi Ishaku, wanda ya yi gadin wani magaza, ɗakin ajiyar hatsi, har ƙarshen ransa. Duna, baƙin, tun yana kwikwiyo Ishaku ya ɗauko shi cikin hula. Yanzu shekararsa goma sha uku, bakinsa ya yi furfura, ƙafafunsa na baya suna rawa in zai miƙe. Kyalla ja ce mai farin goshi, ta zo daga baya, shekara shida da suka wuce. Tun zuwanta ba a ganin ɗaya ba ɗaya. In za su fita, kafaɗarta na gogar tasa. In an ajiye abinci ita ke fara sa baki, shi kuma ya biyo, abin da Zalihatu ta daɗe tana kira zalama.

Da Ishaku ya rasu, ɗansu na fari, Abdulwahabu, ya dawo gidan da matarsa Ummu da 'yarsu ƙarama. Ya gina butik a ƙofar gida, yana sayar da wayoyi da fitilun sola. Mutum ne mai tsare salla, ba ya yawon banza, kuma Zalihatu tana alfahari da shi ko da yake ba ta taɓa faɗa ba, kamar yadda ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, Yaro take ce masa. Abu ɗaya suka saɓa a kai, karnukan. Shi ya ce kare na gona ne ko garke, ba na tsakar gidan da ake shimfiɗa tabarmar salla ba. Ita ta ce karnukan sun riga butik ɗinsa zuwa gidan. Suka yi ta ja har suka daidaita: Duna da Kyalla za su zauna bayan rumbu, da kwanonsu dabam, ba su ƙetaro turmi. Shekara uku Zalihatu tana riƙe da wannan magana. Ko ranar da aka yi ruwa da ƙanƙara ba ta bar su sun shigo rumfarta ba.

Sai ga shi wata ranar bazara ta dawo daga tasha babu Kyalla. Abdulwahabu ya ce wataƙila ta bi karnukan unguwa, za ta dawo. Ba ta dawo ba. Kullum da la'asar, bayan ta wanke kwanonin sana'a, Zalihatu takan bi lungu-lungu har gindin dutse tana kiran sunan karyar, mutane suna leƙowa suna kallonta. In ta dawo, ɗan nata yakan ɗago daga cikin butik ya ce sannu Inna, an gan ta? Ta ce a'a. Ya ce Allah ya bayyana.

Duna kuwa ya zama wani abu dabam. Ban da ƙin ci, ya daina fita ko ƙofar gida. In ya miƙe sai ya yi karo da turmi, ya yi karo da randa, ya je ya tsaya hancinsa na taɓa katanga, ya daɗe haka kamar an dasa shi. Da magariba yakan ɗaga kai ya yi wani kuka siriri mai tsawo wanda Zalihatu ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Ya fara fitsari inda yake kwance, shi da ko yana kwikwiyo bai taɓa ɓata makwancinsa ba. Haƙarƙarinsa ya fito, ana iya ƙirgawa daga nesa.

Maƙwabcinsu Ɗanmalam, tela, ya leƙo ta kan katanga ya ce karen da ke kallon bango wani abu yake gani, a nemi mai magani ya duba ko doguwa ce ta sauka a gidan. Matarsa ta ce ba iska ba ce, hauka ne yake farawa, ta ga irinsa a ƙauyensu. Wannan maganar ta biyu ita ce ta bazu. Kafin kwana biyu mata sun hana 'ya'yansu bi ta ƙofar gidan.

Da safiyar kwana na goma Ummu ta je ɗebo itace bayan rumbu, zaninta ya shafi Duna yana barci. Ya zabura ya kai cizo, ya kama iska. Ummu ta zubar da itacen ta fito da gudu. Abdulwahabu ya shigo, ya tsugunna gaban uwarsa cikin ladabi, ya ce abin ya kai inda ya kai, akwai yarinya a gidan, gara a samo wanda zai fitar da karen a gama da shi kafin ya ji wa wani.

Zalihatu ta sauke tukwane daga baron da take tura kayan sana'a zuwa tasha, ta shimfiɗa buhun Kyalla a ciki, ta ɗauki Duna ta ɗora. Rashin nauyinsa ya ƙara mata haushi. Ta tura baron ta bakin titin kwalta, rana na dukanta, 'yan kabu-kabu suna rage gudu suna dariya. Wani ya ce Inna yau kopton da nama ne? Ta ce masa da uwarsa ne, ta wuce.

A ofishin likitocin dabbobi ta tarar da wata matashiyar likita mai suna Karima, wadda ke sayen kopto wajenta lokaci-lokaci. Karima ba ta yi dariya ba. Ta sa safar hannu, ta yi wa karen magana tukuna kafin ta taɓa shi. Ta tambayi kwana nawa, me yake ci, yana shan ruwa, yana zubar da miyau, wani kare ya cije shi. Ta duba takardar rigakafin da Ishaku ya bari, wadda Zalihatu ta ci gaba da sabuntawa. Ta ja fatar wuyansa ta sake, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta buɗe bakinsa ta nuna wa Zalihatu wani haƙori da ya ruɓe har dasashi ya kumbura. Daga nan ta haska masa fitilar waya a ido, ta wurga ɗan ƙullin auduga ta gaban fuskarsa. Audugar ta faɗi ƙasa, Duna bai bi ta da kallo ba.

"Inna, wanga ba hauka ba ne," in ji Karima. "Karenki ba shi gani. Farar yana ce ta rufe idanun duka biyu, kuma ba jiya ba ne. Ya kai shekara, ko ya hi."

Zalihatu ta ce ƙarya ne, ko watan jiya karen nan yana zuwa har tasha ya koma. Karima ta tambaya shi kaɗai? Zalihatu ta tuna kafaɗar da ke gogar kafaɗa. Ta tuna yadda Kyalla ke tsayawa a bakin titi ta ƙi motsi sai mota ta wuce, shi ma ya tsaya. Ta tuna kwanon abinci, da sau nawa ta kwaɗa wa karyar ludayi a kai tana ce mata mayunwaciya, ashe ƙarar lasarta ce ke nuna masa inda kwanon yake.

Karima ta ce ta sha ganin haka. Tsohon kare in ya rasa abokin zamansa yakan daina ci, yakan yi ta nema, barcinsa ya rikice, wani ya yi ta kuka, wani ya yi shiru. Wannan kuwa abin ya haɗe masa biyu, ya rasa abokiya ya rasa ido rana ɗaya. Cizon da ya kai tsoro ne. Abin da ya fi damunta rashin ruwa a jikinsa cikin wannan zafi, don ƙodar tsohon kare ba ta jure haka. Ta yi masa allura, ta rubuta maganin haƙorin. Ta ce a riƙa ɗumama abincin don ƙamshi ya tashi, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, a kai masa har baki. Kada a canza wa turmi ko randa wuri. Duk mai zuwa kusa da shi ya yi magana tukuna. Buhun nan kuma kada a wanke.

Zalihatu ta turo baron ta dawo. A ƙofar gida ta tsaya ta gaya wa ɗanta abin da likita ta ce, da ƙarfi, yadda Ɗanmalam da matarsa za su ji daga cikin gidansu. Abdulwahabu ya ce alhamdu lillahi tun da ba hauka ba ne. Bai kalle ta ba, yana ta goge gilashin wata waya. A lokacin ba ta kawo komai a ranta ba.

Kwana biyu bayan haka tana zaune a tasha da hantsi, Rashid ya zo sayen kopto. Direba ne, yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da yake kai kayan 'yan kasuwa Tibiri, kuma shi ke ɗauko wa Abdulwahabu kaya. Yana ci yana hira, ya ce ya ji labarin baro. Sai ya ce, da zuciya ɗaya, ai da an sani da an haɗa su duka biyun ranar nan, da an huta, ko yanzu in tana so jibi zai koma Tibiri.

Zalihatu ta ajiye cokalin kwaɗo. Ta ce a haɗa su a kai ina?

Rashid ya daina tauna. Ya ga fuskarta, ya gane ba ta sani ba, ya fara kame-kame. Ta riƙe bakin rigarsa a gaban mutane ta ce ba zai motsa ba sai ya faɗa. Ya faɗa. Ranar kasuwar Tibiri ta makon can, bayan ta fito tasha, Abdulwahabu ya jawo karyar da tsoka, suka sa ta cikin buhu suka ɗaure, aka ɗora bisa kaya. Shi Rashid ya kwance ta kusa da mahautar Tibiri don ta samu abin ci. Ya rantse ya ɗauka da saninta.

Ta bar kwanon kopton a buɗe, ta ce wa mai fura da ke gefenta ta duba mata. Tafiyar da take yi cikin rabin awa ta yi ta cikin minti goma sha biyar. A butik akwai mutum uku, ɗaya malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya kawo waya gyara. Ba ta yi sallama ba.

"Abdulwahabu."

Ya ɗago a firgice. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Mutanen ukun suka dubi juna, suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Ta tambaye shi ina Kyalla. Ya ce Inna ki zauna. Ta ce ba ta zo zama ba. Ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne, shi ya sa aka kai ta. Ya ce karyar ta fizge burodi a hannun Hidaya, 'yarsa, har farce ya karce yarinyar, kuma ya gaya mata a lokacin ta ce wasa ne. Ya ce sau nawa yana roƙonta a kai karnukan gona, tana cewa sai bayan damina, damina uku ke nan. Ya ce Ummu ba ta iya shanya tufafi bayan rumbu don tsoro. Bai kashe ta ba, ya sa an kai ta inda za ta samu abinci.

"To mi ya hana ka haɗa da Duna?"

Ya ce, a hankali, shi ya ga ya tsufa, kwanansa sun kusa, ba sai an wahala ba.

Zalihatu ta dafa teburin. Ta ce wato ya zauna ya yi lissafi, wannan a jefar, wannan a jira. Ya ce Inna, kare ne fa. Ta ce ta san kare ne, ba ta ce ɗan'uwansa ba ne.

"Kwana tara ina yawo gindin dutsi ina kira kamar mahaukaciya, gari duka na kallo. In na komo ka ce mini an gan ta? Ka ce Allah ya bayyana. Da bakin da kake karatu da shi. Ubanka bai yi rabin karatunka ba, amma bai taɓa duban idona ya yi mini haka ba."

Ya ce ya ji tsoron faɗanta ne. Ta ce to ga shi ya samu. Ummu tana tsaye a bakin zaure da yarinya a goye. Zalihatu ta tambaye ta ko ita ma ta sani, Ummu ta fashe da kuka, wannan ya isa amsa.

Ranar da Rashid zai koma Tibiri, ya tarar da ita zaune a gaban motarsa tun kafin a gama lodi. Ya buɗe mata ƙofa. Duk tsawon hanyar ba ta yi masa magana ba, shi ma ya kashe rediyo. A Tibiri ya nuna mata inda ya kwance buhun, gindin wata bishiya daura da mahauta. Ta bi mahauta ɗaya-ɗaya tana tambaya: ja, mai farin goshi, da abin wuya na fata. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce karnuka da yawa. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ce ta gane ta. Ta ce karyar ta yi kwana biyu gindin bishiyar nan ba ta motsa ba, ko ƙashi aka jefa mata ba ta ɗauka. Karnukan mahauta suka taru suka yi mata rauni a cinya. Rana ta uku ta gan ta ta kama hanyar arewa tana ɗingishi.

Hanyar arewa ita ce hanyar Dogon Dutsi. Da za su koma, Zalihatu ta sa Rashid ya riƙa tafiya a hankali, yana tsayawa duk inda suka ga mutum. Wani mai amalanken jaki ya ce akwai mushen kare gaba kaɗan, bayan wata gada, mota ce ta buge shi, ya fi mako. Suka same shi a gefen hanya cikin sabara. Rana da ungulu sun gama nasu, sauran fata da ƙashi. Abin wuyan yana nan, wanda Ishaku ya yanko daga tsohon bel ɗinsa na aiki ya huda da ƙusa.

Zalihatu ta daɗe a tsaye. Ta juya ta kalli Tibiri a baya, ta kalli hanyar da ta rage, wadda ta ninka wadda karyar ta ci sau da yawa. Ba ta yi kuka ba. Ta sa ƙafa ta fara tura rairayi a kan gawar, Rashid ya ɗauko shebur daga mota ya ƙarasa. Ya ce ta yafe masa. Ta ce shi dako ya yi, ya tada mota.

Da ta iso gida ana kiran la'asar. Ta wuce kai tsaye bayan rumbu, ta kira sunan Duna tukuna, sannan ta ɗauke shi da buhunsa da kwanonsa, ta ƙetaro turmi, ta ajiye shi cikin rumfarta, daidai ƙofar ɗakinta. Ta tsaya tana jiran wani ya yi magana. Abdulwahabu yana alwala a bakin randa, ya gani, ya ci gaba da alwalarsa. Daga ranar ta raba tukunya. Ummu ta kawo mata tuwo da dare ta ce a mayar. Aka kawo washegari, ta ce a mayar. Ran na huɗu aka daina kawowa.

Duna bai warke lokaci ɗaya ba. Da haƙorin ya daina ciwo ya fara karɓar romo a wani fasasshen ludayi da ta ware masa, loma uku, loma biyar, wata rana ya ƙi gaba ɗaya ta yi ta masifa har maƙwabta su ji. Ta lura in tana tafiya da silifa yakan karkata kunne, sai ta fara jan ƙafa da gangan. Mako na uku ya miƙe ya biyo ƙarar, hancinsa kusa da diddigenta, daga rumfa zuwa randa, daga randa zuwa ƙofar gida. Kukan magariba ya ragu amma bai daina ba. Wani lokaci yana cikin binta sai ya tsaya, ya jingina gefe kamar akwai wani a wurin, ya yi tangaɗi. Duk ranar da ta ga haka, ko gaisuwar ɗanta ba ta amsawa.

Ana cikin haka wata safiya Abdulwahabu ya shigo da kwali. Ya ajiye gabanta, ya ja da baya. Kwikwiyo ne ja, ya samo wajen wani mai garka, wato lambu, a ƙauyen Kiéché. Ya ce ya tambaya, an ce in tsohon ya samu abokin zama zai fi sakewa. Ta san abin da shigo da kare gidan nan da hannunsa yake nufi a wajensa, kuma hakan bai sanyaya mata rai ba. Kwikwiyon ya fito ya nufi Duna yana tsalle, ya haye masa kai. Duna ya yi ƙara, ya ja jiki baya har ya bugi bango, fitsari ya zubo masa.

Ta ce wa ɗanta ya ɗauke abinsa. Ta ce wannan ba waya ba ce da in ta lalace a sauya wata. Shi kwikwiyo wa zai koya masa tsayawa a bakin titi? Kuma in ya girma ya fizge burodi, wace kasuwa za a kai shi? Abdulwahabu ya mayar da kwikwiyon cikin kwali, ya ɗaure a bayan babur, ya koma da shi Kiéché a ranar.

Damina ta sauka. Duna ya fara shan ruwa fiye da kima, yana fitsari ba iyaka, bakinsa na wani wari. Karima ta zo har gida bayan ta tashi aiki, ta duba shi, ta ce ƙodar ce, kwanakin nan da ya yi ba ci ba sha sun taɓa ta, ga kuma shekaru. Ta ce ba za ta yi ƙarya ba, ko da Kyalla na nan wataƙila haka za ta faru, sai dai ba da wuri haka ba. Zalihatu ta ce ta maimaita rabin maganar na ƙarshe, Karima ta ƙi. Ta ce a rage masa nama, a bar ruwa kusa da shi kullum, a riƙa juya shi in ya daɗe a kwance.

Ummu ce ta fara yi wa karen magana. Zalihatu ta dawo daga tasha wata rana ta ji ta tana cewa Duna ni ce, zan wuce, kafin ta ratsa rumfar da tsintsiya. Ta tarar kuma an cika masa kwanon ruwa. Ba ta yi godiya ba, amma da dare da aka aiko da tuwo ta karɓa, ta ci rabi. Da ɗanta kuwa magana ba ta wuce ina kwana da lafiya lau ba, kuma ba ta koma ce masa Yaro ba, ba ta sake kiran sunansa ba. In dole ta yi sai ta ce kai.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Duna ya mutu. Da safe ne, ta gama haɗa kayan tasha, ta ja silifa ta gabansa bai karkata kunne ba. Ta tsugunna ta dafa cikinsa, da sauran ɗumi. Ta naɗe shi cikin buhun, ta sauke tukwane daga baro.

Tana fita zaure ta ga Abdulwahabu yana rufe butik ɗin da bai daɗe da buɗewa ba. Ya shiga gida ya fito da shebur da diga. Ya kama hannun baron, ta riƙe, suka tsaya haka ɗan lokaci, sannan ta saki. Suka bi ta bayan gari zuwa 'yar gonarta da ke gindin dutse, shi a gaba ita a baya. A gefen gonar ya naɗe ƙafar wando ya fara haƙa. Ƙasar ta sha ruwa, ba ta yi wuya ba. Da ramin ya kai gwiwa ya tsaya ya dube ta.

"Ƙara," in ji ta. "Karnuka na tonawa."

Ya ƙara har ya kai cinya, gumi ya jiƙe masa riga. Ya sa hannu biyu ya ɗauki buhun ya saukar, ya mayar da ƙasa, ya jajibo duwatsu ya jera a kai. Da ya gama ya ce Inna, ki yafe mini. Ta ce ta ji. Ya jira ko za ta ƙara wani abu. Ta ce rana ta yi, zogalenta zai yi yaushi, ya turo baron su tafi.